Hitar Gidan Malam Sabo

Ku 'yan matan da kuke tare ni a bakin rijiya kuna cewa in riƙa zuwa da ku wankan jego a kwatas, wai ai yanzu aikin ya zama bagas tunda hita ke dafa ruwa, to ku saurara. Ba ni hana kowa neman abinci. Amma kafin wata ta ɗauki ganye ta biyo ni, ta kira 'yata Laraba, ga ta nan kullum a gindin zanina, ta ce ta buɗe mata hannun dama. Ba ya buɗuwa. Yatsu uku sun lanƙwashe sun manne da tafin, babban yatsa da manuni kaɗai ke motsi. In ta gani, sai mu yi maganar sauƙin aiki.

A wajen gwaggona Tasalla na koya. 'Yar Tungan Magajiya ce, aure ya kawo ta Kontagora, ita ta riƙe ni bayan rasuwar innata. Ba ungozoma ba ce, ba ta yanke cibi. Sai an haihu an share ɗaki sannan a aiko mata. Tun ban fara ƙirgen dangi ba nake bin ta da ƙunshin ganye a ka. Kayan aikinmu ba su da yawa: duro da aka yanke rabi, duwatsun murhu, ƙwarya mai kauri wadda zafi ba ya tsagawa, daro, kujera 'yar tsugunno, sai ganyen darbejiya ko na tsamiya da ake ɗaurewa kamar tsintsiya. Ganyen jiya ba ya aiki, zubewa yake a jikin mace. Na ƙasan bishiya ma Gwaggo ba ta so, wai awaki sun lasa, dole sai na hau.

Aikin farko da ta bar ni na riƙe ganye, a gidan wani mahauci ne a bayan kasuwa. Matar ta haifi na huɗu, ta fi ni sanin wanka. Ruwa na tafarfasa a duro, Gwaggo ta kwaso a ƙwarya ta juye a daro, ko ɗigon na sanyi ba a surka ba. Na tsoma ganye na ɗaga zan kai bayan matar, sai Gwaggo ta cafke wuyan hannuna.

Ta ce, "Ke Dije, kaza za ki fige? Kaɗa shi tukuna."

Matar ta juyo tana dariya ta ce, "Bar ta ta fige ni, Gwaggo, ai a gidan nama nake."

Wannan kaɗawar ita ce sana'ar gaba ɗaya. Ki tsoma, ki kaɗa sau ɗaya a iska, ki kai. In kin yi sauri kin ƙona mace. In kin yi jinkiri, uwarta na tsaye a kanki tana cewa kin zo ki sa wa 'yarta sanyi.

Abin da ban san darajarsa ba a lokacin shi ne toka. Duk gidan da muka shiga, kafin Gwaggo ta hura wuta sai ta ɗebi toka ta zagaye murhun da ita, zagaye mai faɗi. Yaron da ya taka tokar nan ya sha ganye a ƙafa, ko ɗan wane ne. Amma da wuya ma su taka. Wuta na ci, hayaƙi na tashi, duro na ƙugi, tururi na dukan fuska tun daga nesa, ko jinjiri mai rarrafe ya san nan ba wurin zuwa ba ne. Duk shekarun da na bi ta ban ga yaron da ya ƙone ba.

Da gwiwoyinta suka ƙi, ƙwaryar ta dawo hannuna. Lokacin na yi aure na haifi Laraba. Ubanta na bin motar hatsi daga Salka zuwa kudu, sai ya yi makonni ba mu sa shi a ido ba. Gwaggo ba ta iya bin yarinya mai rarrafe, ga rijiyar gidanmu ba murfi. Saboda haka duk inda na je aiki Laraba na bayana. Da ta fara tafiya, tana gefena.

Hita ta farko da na gani a kwatas ɗin ma'aikata ce, gidan wani malamin makaranta. Farar tukunya doguwa, an rataye ta a bangon banɗaki sama da kai, makunninta a waje da 'yar jar fitila. Maigidan ya ce ba za a hura masa wuta a tsakar gida ba, gidan gwamnati ne, hayaƙi zai ɓata fenti. Na kunna famfo na tara daro. Uwar mai jegon ta tsoma yatsa, ta dube ni, ta ce, "Alwala za ta yi?" Ta rantse 'yarta ba za ta hau kujera ba sai an kawo itace. Sai aka aika kiran Baba Yohanna mai gyaran wuta, wani dattijo mutumin Salka, ya zo da kekensa da jakar buhu.

Shi ya nuna mini abin da ke gindin tukunyar. Akwai murfin roba. In an cire, ga wayoyi, ga wani ɗan maɓalli mai tsaga a tsakiya, shi ake murɗawa zafin ya ƙaru ko ya ragu. Da ya ga kullum sai an aika masa safe da yamma, ya ce shi ba mai jego ba ne. Ya karɓi cokalin shayi a hannun matar gidan, ya goga gindinsa a siminti har ya yi baki, ya naɗe wajen riƙo da tsohuwar robar keke, ya miƙo mini. Sannan ya ɗauki ƙusa ya karta layi biyu a gefen maɓallin.

Ya ce, "'Yata, duba nan. Wannan na yara. Wannan na tsofaffi. In kin wuce shi, na kabari ne."

Tsohuwar tana bakin ƙofa ta ce, "To ka kai mana kusa da kabarin."

Ya ce, "Hajiya, ai ke kin fi ni kusa, ba sai na raka ki ba."

Abin da ya koya mini ku riƙe shi, ko ba za ku bi ni ba. Ba a taɓa murfin sai an kashe makunni, jar fitila ta mutu, hannu a bushe, ƙafa cikin silifas. In famfo ya ɗauke ruwa ba a kunna ta, ƙarfen da ke cikinta zai ƙone a ce ke ce. In kin murɗa sama, ba nan take ruwa ke zafi ba, sai kin jira. A jiran nan ake wanke jariri, a dama kunun kanwa. Sai guda biyu da suka fi sauran. Murɗawa ƙasa ba ta huce ruwan da ya riga ya yi zafi, tukunyar na riƙe shi daga hantsi har la'asar ko da an ɗauke wuta, dole ki bar famfo ya zuba har sai ya dawo sanyi. Na biyu, ruwan farko da famfo ke bayarwa maƙaryaci ne. Na cikin bututu ne, da sanyinsa yake fitowa. Na gaskiyar yana bayansa, kuma ba ya sallama.

A kan haka na tsara aikina a kowane gida mai hita. In iso, in kashe, in kai layin tsofaffi, in kunna, in jira. In an gama wanka in kashe, in mayar layin yara, in tara bokitai har gwiwar hannuna ta ce ya huce, in wanke tsummokin jariri da ruwan don kada a ce na yi ɓarna. In kife bokitan, in ja ƙofa. Da la'asar in sake daga farko. Cokalin kuwa a bakin zanina yake kwana, ban taɓa barinsa a gidan kowa ba. Ranar da na kwatanta wa Gwaggo tsarin, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "To ina kike zuba tokar?" Na ce siminti ne, ba a zubawa. Ta ce, "Wutar da ba ta hayaƙi, ni ban san yadda ake zama da ita ba."

Masu gida iri-iri ne. Maza ƙorafin kuɗin wuta suke, su ce fitilar nan ta daɗe a kunne. Wata nas ta ce mini likitoci sun hana ruwa mai tafasa, ta sa na riƙa surka mata a ɓoye, ina dukan bango da ganye don uwarta ta ji ƙara daga waje. Tsofaffi kuwa ba su yarda da hita ba ko kaɗan. Sun ce ruwan da bai ga wuta ba bai dahu ba, in mace ta kumbura bayan arba'in to hita ce. Wasu sai sun sa na ɗora duro a bayan gida duk da haka. Ni ban san mai gaskiya ba. Abin da na sani, tsohuwa ke kiran mai wanka, tsohuwa ke sallamar ta, ita ce kuma ke gaya wa wata tsohuwar a wajen suna ko hannunki na da kyau.

Sai shekarar da kananzir ya ɓace. Masu risho duk suka koma itace, itace ya zama gwal. Matan ƙauye da ke kawo shi a kafaɗa, tun a bayan gari ake tare su a saye. Gidajen cikin gari da ke kirana suka daina. Mai jego ta ɗumama garwa ɗaya ta watsa da kanta, ko a yi 'yan kwanaki a bari. Motar da uban Laraba ke bi ta tsaya don rashin mai, ya ce ya tafi nema, shiru. Aikin kwatas kaɗai ya rage mini, a kwatas ɗin ma gida ɗaya, gidan Malam Sabo. Da shi muke ci, ni da Gwaggo da yarinya.

Malam Sabo malamin gona ne, yawanci yana ƙauyuka. Matarsa Hajara haihuwar fari ta yi. Da a Rijau za ta yi wanka gidan iyayenta, amma ta sha wuya, asibiti suka ce kada ta yi nisa, sai uwarta Hajiya Kulu ta zo. Ba zan ce muku Hajiya Kulu muguwa ba ce. Tana son Laraba, ƙawata take ce mata, ta tsamo mata ƙashi a tukunyar kauri. Laraba lokacin ta kai shekara uku, bakinta ya buɗe, kome ta gani sai ta kwaikwaya. Ta ga kullum Hajiya na tsoma yatsa a daro ta yatsine fuska ta ce bai yi ba, sai ita ma ta riƙa tsoma yatsa a kofin sha, ta yatsine, ta ce, "Bai yi ba." Hajiya ta yi dariya har da hawaye. Duk baƙuwar da ta zo barka sai ta ce, "Ƙawata, zo ki yi musu ni."

Jiran ne Hajiya ba ta so. Wata safiya ina kan kujera da cokali ta ce, "Ke dai kullum ki hau ki sauko kamar farashin gero. Ki bar shi wuri ɗaya mana, ya wuni da zafinsa."

Na ce, "Hajiya, saboda yara ne."

Ta ce, "Waɗanne yara? Wannan da ko wuyansa bai tsaya ba, shi zai kunna famfo?"

Na ce, "Ga tawa."

Ta ce, "Taki ai a gindinki take kamar jela."

Na mayar da shi layin yara, na ɗaure cokalina, na tafi da niyyar cewa wanda ba shi da cokali ba shi da murɗi.

Ranar da abin ya faru, tun safe ba a ɗauke wuta ba, abin da ba mu saba gani ba. Na iso da la'asar na tarar da baƙi biyu a baranda. Na zaunar da Laraba kusa da Hajiya, na zagaya baya in yanko ganye, domin darbejiyar gidan a jikin bangon banɗaki take. Ina kan reshe na ji bangon na ƙugi. Na san ƙugin nan, na duron Gwaggo ne in ya kai. Hitar da na bari a kashe ba ta da dalilin ƙugi. Na saki wuƙa na diro.

Sauran daga baya na haɗa shi. Bayan tafiyata da safe Hajiya ta hau kujera da wuƙar kicin, ta cire murfin yadda ta ga ina yi, ta murɗa har ya ƙi tafiya, ta ƙara ƙarfi har wani abu ya ce ƙas, ta sauko ta kunna. Nufinta in na zo in tarar ruwa ya dahu, kada 'yarta ta jira. Ashe abin da ke katse wutar in zafi ya kai shi ta karya, tukunyar ta wuni tana dahuwa. Ƙofar ma a buɗe ta bar ta. Da na zagaya baya Hajiya ta ce wa Laraba ta kwaikwaye ta baƙi su gani. Ba kofi a kusa, sai yarinyar ta tafi inda ta san ruwa yake. Famfon zafi na gidan ƙasa-ƙasa yake, daidai bakin bokiti. Ta murɗa ta tara hannu, ruwan farko ya zo da sanyinsa. Baƙin sun ce daga baranda suka jiyo ta tana cewa, "Bai yi ba," suka yi dariya.

Ina tsakanin bishiya da ƙofa, ruwan gaskiyar ya iso.

Tururi ya cika banɗakin har sai da na lalube ta. Hajiya na cewa a kawo ɗanyen ƙwai, baƙuwa ɗaya ta ce gishiri, ɗayar ta ce manja. Hajara ce, da ɗanyen jikinta, ta fizge ta daga hannuna ta kai ta bakin randa ta tsoma hannun har kafaɗa ta riƙe, ta ƙi saki. A asibiti suka ce wannan ne ya ceci sauran hannun. Malam Sabo ya dawo ya tsaya mana a kan magani, ba zan ci haƙƙinsa ba. Hajiya ta zo da kwanon abinci ta zauna a bakin gado.

Ta ce, "Ƙaddara ce, Dije. Ni rage miki aiki na yi nufi."

Na ce, "Haka ne, Hajiya."

Ciwon ya warke, amma fatar a tsuke ta warke, ta ja yatsun ciki. Sun ce akwai aikin da ake yi a babban asibiti a wani gari mai nisa a saki yatsun, kuma gara tun tana ƙarama. Ga ta nan tana ta girma. Da hagu take ci, da hagu take karɓa, wanda bai sani ba ya daka mata tsawa ya ce uwarta ba ta koya mata ladabi ba. Ta daina bayani, sai ta cusa hannun cikin riga.

Na koma na ƙarasa wa Hajara arba'in ɗinta, Laraba a goye kamar jinjira, hannu naɗe da bandeji. Baba Yohanna ya sauya abin da ya karye. Ya ciro ƙusa zai karta layi, ya dubi goyona, ya mayar da ita aljihu, ya ce, "Layi na wanda ke jin magana ne."

Na ɗauka sana'ata ta mutu, don wa zai kira wadda ta kasa tsare 'yarta? Da hakan ta faru ma da na san inda na tsaya. Labarin ya zaga wuraren suna da biki, amma ba ta inda na zata ba. Tsofaffin da ke cewa ruwan hita ba ya dahuwa suka ji ya saɓule fatar yarinya, suka ce ashe yana dahuwa. Waɗanda ke sa ni ɗora duro a bayan gida suka daina. Aiki ya ƙaru. Ba Dije suke cewa a kira ba, ta gidan Malam Sabo suke cewa. Layin tsofaffi da dā suke haƙura da shi suna gunaguni, yanzu ba ya isar su, tunda sun ji akwai na gaba.

Yanzu Laraba ba ta shiga gidan aiki. A bakin ƙofar waje nake ajiye ta da butarta, rana ko ruwan sama, ina leƙe ta taga tsakanin tsomawa da kaɗawa. Na gwada zuba toka a bakin banɗakin wani gida, matar gidan ta sa aka share, ta ce ko asiri nake musu. Yaran gidajen kuwa suna nan suna shige da fice, famfo daidai tsayinsu. Ni ina gidan safe da la'asar ne kawai. Tsakanin nan akwai tsohuwa, akwai wuƙar kicin.

Shekaranjiya aka kira ni wani sabon gida a ƙarshen kwatas, mai yara biyu ƙanana ban da jaririn. Na kai maɓallin daidai inda Baba Yohanna ke karta layin tsofaffi, na jira, na tara daro. Ruwa ne da in ya fantsamo miki sai wurin ya yi ja. Uwar mai jegon ta tsoma yatsa ta cire da sauri, ta yarfe, sannan ta yatsine fuska.

Ta ce, "Bai yi ba."

Na ce, "Hajiya, iyakarsa ke nan. Gaba da nan ba na wanka ba ne."

Ta ce, "Ba ke ce ta gidan Malam Sabo ba? To irin wancan muke so. In kuma ba za ki iya ba, an ce akwai 'yan mata a unguwarku da ke neman aikin."

Ku take nufi. Na san kuma za ku murɗa mata har ya ce ƙas, ku tafi gida ku bar shi a kunne.

Na leƙa ta taga. Laraba na nan inda na ajiye ta, hannun a cikin riga. Na kashe makunni, na share hannuna a zani, na kwance cokalin.